Helen Keller da Idon Lebura

 Shirinmu na faɗakarwa na yau a Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, ya yada zango. Gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka sauko daga aikin dare da waɗanda ke shirin karɓarsu, a nan da Chalawa da Bompai.

Wanda ya saba bin waɗannan unguwanni ba ya buƙatar allon sanarwa kafin ya san inda yake. Hanci kaɗai ya isa ya gaya masa ya iso kamfanin fata, ko inda ake narka roba, ko inda ake tatsar mai. Idan manyan injuna suka tashi kuwa, ƙasa ma amsawa take yi a ƙarƙashin ƙafa. To, da hanci da tafin ƙafa wata Ba'amurkiya ta san masana'antun ƙasarsu, shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce. Ba ta gani, ba ta ji. An riƙe hannunta an shiga da ita ma'aikatu da lungunan da leburori ke kwana, ta fito ta shaida wa duniya cewa abin da idonta bai gani ba hancinta ya shaƙa. Sunanta Helen Keller.

Da yawa daga cikin waɗanda suka san sunan a littafin makaranta suka tsince shi: yarinya, da malamarta, da famfon ruwa. Daga nan sai a rufe littafi. Alhali ranar da aka yi abin famfo ko shekara bakwai ba ta cika ba, kuma ta ƙara shekara 81 a duniya bayan wannan rana. Abin da ta yi da waɗannan shekaru shi ya fi shafar mai aiki a Sharaɗa.

An haife ta ran 27 ga Yuni, 1880, a wani ƙaramin gari mai suna Tuscumbia a jihar Alabama, kudancin Amurka. Mahaifinta, Arthur Keller, tsohon kyaftin ne a rundunar Kudu da ta yi yaƙi don kada a soke bauta, daga baya ya zama editan jaridar garin. Lafiyarta lau aka haife ta, har ta fara gwarancin yara. Tana da wata 19 zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita. Ta tashi, amma ya tafi da ido da kunne. Likitocin zamani da suka bi bayanin ciwon, wasunsu suna kyautata zaton sanƙarau ne. Ba sai an yi wa mutumin Kano bayanin sanƙarau ba. Annobar 1996 ta kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, kuma cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda tun daga lokacin ba su sake jin kiran sunansu ba.

Yarinyar ba ta zauna jiran malami ba. Ita da Martha, 'yar mai dafa abincin gidan, suka ƙirƙiro alamomi nasu. Idan ta jawo ka, zo take nufi. Idan ta tura ka, tafi. Kafin ta kai shekara bakwai tana da alamomi sama da sittin. Duk gidan da ke da kurma a ƙasar Hausa ya san irin wannan, domin maganar hannu ba a aji aka haife ta ba, a tsakar gida da kasuwa ta girma. Amma alama sittin ba ta ɗaukar abin da ke zuciyar mutum. Abin da ya kasa fita ta hannu sai ya fita ta fushi: duka, shuri, fashe-fashen kwanuka. Ta taɓa kulle mahaifiyarta a ɗakin ajiya ta zauna a bakin ƙofa tana dariya, tana jin bugun ƙofar a jikinta. Cikin dangi har akwai mai ba da shawarar a kai ta gidan da ake ajiye masu taɓin hankali.

Mahaifiyar, Kate, ta ƙi. Ta karanta labarin wata Laura Bridgman, kurma makauniya da aka koya wa karatu a makarantar makafi ta Perkins da ke Boston a lokacin. Aka bi hanya daga wannan likita zuwa wancan masani, har aka dangana da Alexander Graham Bell, wanda ya ƙera tarho, shi kuma ya haɗa su da makarantar. Makarantar ta turo wata budurwa 'yar shekara ashirin, Anne Sullivan, ta iso gidan ran 3 ga Maris, 1887.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan malama, domin labarinta shi ne rabin darasin. 'Yar talakawa ce liƙis, iyayenta baƙin haure daga Ayalan. Tana ƙarama ta kamu da tarakoma, ciwon idon nan na ƙarancin ruwa da cunkoso da ƙudaje, wanda idan ya yi nisa yake juya gashin ido ciki ya riƙa gogar ƙwayar ido, kuma har yau ana yaƙi da shi a ƙauyukan Arewa da Nijar. Uwarta ta rasu, uban ya watsar da su, aka jefa ta da ƙanenta Jimmie a gidan gajiyayyu na Tewksbury, inda yaron ya mutu cikin 'yan watanni. Da roƙo ta samu aka kai ta makaranta tana da shekara goma sha huɗu, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Helen ciwo ne ya makanta ta a gidan masu hali. Anne talauci ne ya kusa makanta ta.

Wata guda suka yi suna artabu. Malama tana rubuta haruffa da yatsu a tafin hannun yarinya, yarinya tana kwaikwayo kamar wasa, ba ta san cewa motsin yatsun suna ne na wani abu ba. Ran 5 ga Afrilu suka je famfon da ke bayan gida. Anne ta sa hannun Helen ɗaya a ƙarƙashin ruwa, a ɗaya hannun kuma ta yi ta maimaita haruffan kalmar ruwa. Yarinyar ta tsaya cak. Ta gane cewa abin sanyin da ke zuba a hannunta yana da suna, kuma kowane abu yana da nasa. Kafin dare ta koyi kalmomi talatin.

Abin da ya biyo baya ba sai an ja shi ba. Ta koyi rubutun makafi na Braille. Ta koyi gane magana ta hanyar ɗora yatsu a leɓe da maƙogwaron mai magana. Ta koyi furta kalmomi da bakinta, ko da yake har ta mutu sai wanda ya saba da muryarta ke fahimta sosai, kuma abin yana damunta. A 1900 ta shiga kwalejin Radcliffe, ɓangaren mata na jami'ar Harvard. Shekara huɗu Anne na zaune a gefenta a kowane aji tana zuba mata laccar malamai a tafin hannu, harafi bayan harafi, idonta na ƙara lalacewa. A 1903 littafin tarihin rayuwarta ya fito, a 1904 ta karɓi digiri, ita ce kurma makauniya ta farko da ta yi haka. Tana karanta Faransanci da Jamusanci da Latin da Girkanci. Kuɗin karatun kuwa wani hamshaƙin attajirin man fetur ne, Henry Rogers, ya biya, bisa roƙon marubuci Mark Twain.

Amurka ta ɗauke ta kamar ta goya. Jaridu suna kiranta abin al'ajabi, masu kuɗi suna rububin ɗaukar hoto da ita. Da ta ga dama da ta ƙare rayuwarta a haka, tana murmushi ana tafa mata.

A 1906 jihar Massachusetts ta kafa hukumar kula da makafi, aka sa ta ciki. Aikin ya haɗa da bin diddigin abin da ke makanta mutane, kuma a nan ne tunaninta ya juya. Ita da kanta ta bayyana cewa a da ta ɗauka makanta musiba ce da ba hannun ɗan Adam a ciki. Da ta shiga bincike sai ta tarar wani kaso mai yawa yana da sanadi da za a iya nunawa da yatsa: ƙarfen da ya fantsama a ma'aikata ba kariya, sinadarin da ya watsu, injin da aka ƙi yi wa murfi don murfin kuɗi ne, aiki cikin duhu da ƙura, gidajen da ba iska ba ruwa. Ta lura makafi ba a warwatse suke daidai a cikin al'umma ba, a gindin tsani suka taru, wajen talakawa. Mumini ya yarda da ƙaddara, babu ja. Amma addinin da ya koyar da tawakkali shi ya ce a fara ɗaure raƙumi, kuma wanda ya ga tartsatsi na tashi ya hana yaronsa gilashi ba zai laɓe bayan ƙaddara ba.

Yaƙinta na farko a kan jarirai ta yi shi, kuma sai da ta cire kunya. A wancan zamani wajen kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ke makarantun makafi na Amurka ciwo ɗaya ne ya kai su can: idon jariri ya kumbura ya yi ta zubar da mugunya 'yan kwanaki bayan haihuwa. Sanadinsa ciwon sanyi ne da ake ɗauka ta saduwa, wanda sau da yawa miji ke kawo wa matarsa ba ta sani ba, jariri ya kwasa a hanyar fitowa. Maganin yana nan tun wajen 1881, lokacin da wani likitan Jamus, Carl Credé, ya nuna cewa ɗigon magani a idon jariri da zarar an haife shi yana kashe ƙwayar cutar. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya hana amfani da shi shi ne ba mai son ambaton sunan ciwon a bainar jama'a. A 1907 Helen, budurwa da ba ta yi aure ba, ta rubuta maƙala a kan batun a Ladies' Home Journal, mujallar da matan gida ke karantawa. Ta ci gaba da bugun ƙofa tare da likitoci da sauran masu fafutuka, jihohi suka riƙa mai da ɗigon doka, makantar jarirai ta wannan hanya ta yi ƙasa ƙwarai.

Wannan faɗakarwa ba ta tsufa ba. Jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya a makonnin farko, asibiti za a kai shi a ranar. Ba nonon uwa za a matsa masa ba, ba kwalli ba, ba jira sai bayan suna ba. Kwana biyu na iya raba shi da gani har abada.

Daga idon jariri ta koma kan albashin uban jariri. A 1909 ta shiga jam'iyyar masu ra'ayin gurguzu ta Amurka. Shekarun nan masu zafi ne a masana'antun ƙasar. A watan Maris na 1911 gobara ta tashi a wani kamfanin ɗinki a New York, ma'aikata 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata, domin an kulle ƙofofi. A farkon 1912 ma'aikatan masaƙun Lawrence, sama da dubu ashirin, suka shiga yajin aiki saboda an rage musu albashi bayan doka ta rage awoyin aiki. Helen ta fito ƙarara ta goyi bayan masu yaji, ta jingina da ƙungiyar ƙwadago mafi tsauri ta lokacin. Da masu saƙa na garin Little Falls suka yi nasu yajin a wannan shekarar, kuɗin da aka biya ta ladan wani rubutu ta aika musu. Ta nemi a bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, ta yi adawa da sa yara aikin ƙarfi, ta yi adawa da shigar Amurka yaƙin duniya na farko, tana cewa 'ya'yan leburori ne za su mutu wasu su kwashi riba.

Sai kallo ya koma sama. Jaridun da jiya ke cewa ba a taɓa yin mai basira irinta ba suka ce ai ba laifinta ba ne, makauniya ce kurma, wasu ne ke zuba mata ra'ayi a tafin hannu. Editan jaridar Brooklyn Eagle ya rubuta cewa kurakuranta daga nakasarta suka samo asali. Ta mayar masa da martani a rubuce. Ta tuna masa ranar da suka haɗu ya yi ta zuba mata yabo har ta ji nauyi, ta ce da alama tun daga ranar basirarta ta ragu. Sannan ta ce jaridar ce makauniya kurma, tunda tana kare tsarin da ke makanta mutane yana kurumta su.

A duk tarihinta babu wurin da ya fi wannan taɓa zuciya, domin abin bai tsaya a Amurka ba. Mai nakasa yana da farin jini muddin yana karɓa yana godiya. Ran da ya buɗe baki ya ce ga abin da ya kamata a gyara, ran nan ake tuna masa da sandarsa. Kano gari ne da ya daɗe da sanin darajar makafi a tsarinsa, har da sarautar Sarkin Makafi, kuma ƙasar Hausa ta ga irin Aliyu Namangi na Zariya, makahon da waƙoƙinsa na wa'azi suka shiga kowane gida. Musulmi kuma ya san a kan wa farkon Suratu Abasa ya sauka: Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, wanda daga baya ya zama ladan, har Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan bar masa riƙon Madina idan zai yi tafiya. Duk da wannan gado, abin da aka fi miƙa wa makaho a bakin titi shi ne canji. Kujera a wurin shawara ita ce ke wuya.

Ba masu kuɗi kaɗai ta ɓata wa rai ba, har da danginta. A 1916 ta aika gudummawar dala ɗari ga NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, tare da wasiƙar da ta nuna kunyarta kan yadda ake zaluntarsu a Kudu, inda aka haife ta. 'Yar tsohon sojan masu bayi ce ta rubuta haka, a lokacin da ake rataye baƙar fata a kan bishiya ba shari'a. Wata jarida a Alabama ta buga wasiƙar don a tozarta ta. A 1920 kuma tana cikin waɗanda suka kafa ACLU, ƙungiyar kare 'yancin jama'a da ke aiki har yau. Hukumar binciken FBI ta buɗe mata fayil.

Tana da nata tabon, kuma ɓoye shi ba adalci ba ne. A 1915 wani likita a Chicago, Harry Haiselden, ya ƙi yi wa wani jariri da aka haifa da mummunar nakasa tiyata, ya bar shi ya mutu. Helen ta rubuta tana goyon bayan likitan. Ra'ayin tace iri ya yi tashe tsakanin masu ilimin wancan zamani, ita ma ya ɗebe ta. Matar da dangi suka so a jefar a gidan ajiya ta yarda a auna ran wani da ma'aunin amfani. Kuskure ne babba, kuma masu fafutukar nakasassu ba su manta da shi ba.

Rayuwar ba ta zo mata da sauƙi ba ko a cikin gida. A 1916 ta so wani saurayi, Peter Fagan, wanda ke mata aikin sakatare, har suka nemi takardar aure a ɓoye. Danginta suka tarwatsa maganar. Kuɗi ma yakan yanke, har ta kai ita da Anne suna hawa dandalin gidajen wasa suna amsa tambayoyin 'yan kallo don su ci abinci.

A 1924 ta kama aiki da Gidauniyar Makafi ta Amurka, ta yi sama da shekara arba'in tana tara mata kuɗi da yi mata magana. Masu ba da kuɗin attajirai ne, don haka ta sassauta harshe a kan siyasa, ko da yake ba ta sauya ra'ayi ba. Amma aikin ya haifar da abin a zo a gani: ta shiga majalisun jihohi da ta tarayya tana neman a kafa hukumomin makafi, a buga littattafan Braille da kuɗin gwamnati, a ba makafi tallafi. A 1925 ta tsaya gaban taron ƙungiyar agaji ta Lions ta ƙalubalance su su zama mayaƙan makafi, kuma tun daga nan aikin ido ya zama tambarin ƙungiyar a duniya. Anne ta rasu a 1936, hannunta cikin hannun Helen, bayan shekara 49 tare. Mataimakiyarsu, Polly Thomson, ta ci gaba da zama idonta da kunnenta.

Bayan yaƙin duniya na biyu ta zama matafiyiya. Tsakanin 1946 da 1957 ta ziyarci ƙasashe 35. Ta je Hiroshima da Nagasaki a 1948, ta shafa tabon ƙuna a fuskar waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya. A 1951 ta shafe makonni a Afirka ta Kudu, inda ta tarar har makanta an raba ta da launin fata, baƙaƙe su ne mafi yawa kuma su ne mafi ƙarancin makarantu. A 1952 ta je Masar, ta gana da Taha Husain, makahon ɗan ƙauye da ya yi karatu a Azhar ya zama babban marubucin Larabci kuma ministan ilimi.

Sunanta ya iso ƙasar Hausa ta wata hanya da mutane ba su cika lura ba. Asusun da aka kafa a 1915 don sojojin da yaƙi ya makanta, wanda ta sa hannu a kafuwarsa, shi ne ya rikiɗe ya zama ƙungiyar Helen Keller International, wadda ke aiki a Nijeriya da Nijar kan tarakoma, da makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa, da ƙarancin sinadarin bitamin A. Ƙarancin nan shi ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi, idan ya tsananta ido ya bushe ya mutu. Shi ya sa ake ɗiga wa yara jan ko shuɗin ƙwanso a baki lokacin rigakafi, shi ya sa kuma dokar Nijeriya ta wajabta sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa. Alamar ido da ke jikin buhu ko galan ita ce shaidar. Ma'aikacin da ke kula da wannan awo a kamfanin mai, ko ya sani ko bai sani ba, aikin ido yake yi.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya sama da miliyan ɗaya masu shekara arba'in zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Abin da Helen ta gano a 1906 ke nan, da alƙaluman ƙasarmu.

To, a dawo Sharaɗa. A kamfanin fata ana jiƙa fata a ruwan farar ƙasa da sinadarin zubar da gashi, sannan a bi da asid da gishirin kuromiyam. Mutane sun fi tsoron asid, amma likitocin ido sun san farar ƙasa da soda sun fi mugunta, domin ba sa tsayawa a sama, ci suke yi suna nutsewa cikin ido. A bakin titi ga mai walda yana kare fuska da tafin hannu ko tabarau na ado, da dare ido ya ɗauki raɗaɗi kamar an zuba yashi, a ɗiga madara a kwanta. Ga mai gurza ƙarfe, tartsatsi na tashi saitin fuskarsa, ɗan mitsitsin ƙarfe ɗaya ya isa.

Kunne kuwa a hankali yake tafiya, shi ya sa ba a yi masa kuka. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 na tsawon awa takwas. Abin da ya haura haka yana cin ji. Ba sai da na'ura ba: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta kai. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa kuka bayan an tashi aiki. Daga nan sai mutum ya fara ƙure rediyo, matarsa ta ce ba ya sauraronta, yara su ce Baba ya cika faɗa. Ƙananan gasun da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ya yi shekaru a ɗakin saƙa, ko kusa da janareto, ko gaban injin niƙa roba, ya san abokan aikin da sai an taɓa su suke juyowa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar masana'antu ta ɗora wa mai kamfani samar da kayan kariya, har da gilashin ido a ayyukan da ke da haɗari ga ido. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai kamfani ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi a asusun NSITF, daga aljihunsa ba daga albashin ma'aikaci ba, kuma ta ambaci raunin ji a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu. Inda gizo ke saƙa shi ne leburan wucin gadi, wanda ake ɗauka a bakin get da safe a sallame shi da yamma, ba takarda ba suna a rajista. Idan ya ji rauni, sau da yawa abin da ke biyo baya ɗan kuɗin magani ne da Allah ya sawwaƙe. Don haka duk wanda ya samu rauni ya sanar da shugaban sashensa nan take, ya tabbata an rubuta, ya adana katin asibiti.

Masu kamfani su ma suna da kukansu, kuma gaskiya ne: rashin wuta, tsadar dizal da gas, kayan waje masu arha. Gine-ginen da suka zama kufai a Bompai da Sharaɗa shaida ne. Amma kuɗin toshen kunne da gilashi na ma'aikata ɗari bai kai abin da babban janareto ke sha a yini ɗaya ba. Ma'aikaci shi ma yana da nasa rabon. Akwai wanda aka ba gilashi ya rataye shi a wuya don zafi, ko don kada abokai su ce ya cika tsoro.

Sai kuma waɗanda abin ya riga ya samu. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da aka kama da nuna wariya. Makarantar Tudun Maliki, da ba ta da nisa da nan, ta daɗe tana koyar da kurame da makafi, Jami'ar Bayero kuma tana horar da malaman ilimi na musamman. Sai dai yaron da ya haɗa biyun, ba ji ba gani, shi ne har yanzu ya fi zama a ƙuryar ɗaki, domin ajin kurame da ido ake koyo, ajin makafi kuma da kunne. Shi malami guda yake buƙata da zai riƙe hannunsa. Cewa hakan na yiwuwa ga ɗan Afirka ba tatsuniya ba ce: Haben Girma, wadda mahaifiyarta 'yar Eritiriya ce mahaifinta ɗan Habasha, kurma ce makauniya, ta gama karatun lauya a Harvard a 2013.

Helen Keller ta rasu cikin barci ran 1 ga Yuni, 1968, saura 'yan makonni ta cika shekara 88, shekara huɗu bayan shugaba Lyndon Johnson ya ba ta babbar lambar yabo ta farar hula. A 2009 jiharta ta kafa mutum-mutuminta a ginin majalisar dokokin Amurka. Ba dattijuwar da ta zagaya duniya aka sassaƙa ba, ba matar da ta tsaya wa masu yajin aiki ba. Yarinya aka sassaƙa, tsaye a bakin famfo.

Famfon dai yana da amfani a nan ma. Idan sinadari ya faɗa ido, ba mota ake fara nema ba, ruwa ake nema. A buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta, ba tsayawa, na aƙalla minti ashirin, sannan a garzaya asibitin ido da sunan sinadarin ko kwalinsa. Kada a murza, kada a sa madara ko man shafawa. Mai aiki a sashen jiƙa fata, ko wurin haɗa sabulu, ko ɗakin batir, gobe idan ya shiga aiki ya duba inda famfo mafi kusa yake, ya ƙirga taku nawa ne daga inda yake tsayawa, ya murɗa ya ga ko yana kawo ruwa. Idan ba ya kawowa, ya gaya wa shugaban sashe da wakilin ƙungiya kafin a tayar da inji.

A nan shirin zai dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.